Yardar mai gari ba ta isa a taɓa ɗan wata ba

A fadarmu ta unguwa, nan cikin Tawa, ana shan shayi bayan isha'i wani ya kunna mana saƙon murya da ke yawo a WhatsApp. Mai maganar yana ta rantsuwa cewa duk wani ɗigo da ake bi gida-gida ana ba yara gwaji ne Turawa suke yi da ƴaƴanmu, don haka kar kowa ya buɗe ƙofa. Kafin saƙon ya ƙare, wani abokinmu da ke aikin jinya ya ja tsaki ya ce: "Ku rabu da jahilai. Da a hannuna abin yake, ko tambayarsu ba za a yi ba. A ɗura wa yaran kawai, ai lafiyarsu ake nema."

Ni maganar abokin nan namu ta fi ɓata mini rai. Mai saƙon murya ba shi da allura a hannu, shi kuwa wannan kullum da ita yake wuni.

Ga inda na tsaya. Binciken magani wajibi ne a ƙasar nan, kuma so nake a ƙara yawansa. Amma duk wanda za a sa shi, ko a sa ɗansa, cikin bincike, a faɗa masa ƙarara cewa bincike ne, da harshen da yake ji, ya kuma san yana iya cewa a'a ba tare da ya yi asarar komai ba. Amincewar mai gari, da ta mai gida, da hatimin ma'aikata a Yamai, duk suna da muhallinsu, amma ba ɗaya da zai tsaya a madadin bakin wanda za a taɓa jikinsa.

Masu cewa a rufe ƙofa

Ban yarda da su ba, amma tsoronsu yana da tushe, kuma duk wanda ya yi kamar bai san tushen ba ya raina mutane.

A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara. Wajen yara 200 aka sa, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wanda aka saba da shi. Yara 11 suka mutu, wasu suka kurumce, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da yawa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne ake yi. An yi shekaru ana shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dalar Amurka miliyan 75.

Kano ba nisa gare mu. Motocin da ke kai albasar Galmi su ke dawo mana da labari. Da aka ƙaurace wa allurar shan inna a wasu jihohin arewacin Nijeriya a 2003, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. Yaran da suka shanye a lokacin ba su san wani kamfani ba. Aikin da aka yi wa wasu iyaye a ɓoye, shi ya jawo wasu iyayen suka gudu daga rigakafi na gaskiya.

To amma a duba ɗaya gefen. Manya sun tuna yadda sanƙarau ke share gari da zarar iskar rani ta taso. Allurar MenAfriVac da aka fara yi wa jama'a a 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, sai da aka gwada ta a kan mutane a Mali da Gambiya da Senegal kafin ta iso mana. Nau'in sanƙarau da aka yi ta dominsa yanzu kusan an daina ganinsa. Wasu iyaye mata a Bamako ne suka miƙa hannun ƴaƴansu, mu muka ci moriya.

Mu ma mun miƙa. A Madarumfa ta jihar Maraɗi, cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitoci ta MSF ta gwada rigakafin wata muguwar gudawa ta jarirai, wanda ke jure zafi ko ba firiji. Sakamakon ya fito a 2017: ya rage mai tsanani daga cikin irin wannan gudawa da kusan kashi biyu cikin uku. Wanda ya san halin wutar lantarki a likitocin ƙauye ya san darajar maganin da rana ba ta kashe shi.

In muka rufe ƙofa, sai mu ci gaba da shan maganin da aka auna a jikin mutanen da ba su san palu ba, ba su san tamowa ba, ba su san zafin watan Afrilu a Adar, yankinmu na Tawa, ba.

Abin da na gani a gidan gwaggona

Wani ƙauye ne kan hanyar Keita. Ina zaune a zaure da hantsi sai ga ɗan aiken mai gari, bayansa saurayi da budurwa sanye da riguna masu tambari, ɗaya riƙe da akwatin sanyi, ɗaya da salula da tarin takardu. Ɗan aiken ya ɗaga murya daga bakin ƙofa: "Salamu alaikum, masu gida. A fito da yara, mai gari ya ce a ba baƙi haɗin kai."

Aka fito da yara. Ana soka musu ɗan tsinke a yatsa, a ɗiga jinin a kan wata ƴar takarda, a rubuta lamba. Budurwar ta buɗe tawada ta ce wa gwaggona: "Inna, kawo babban yatsa."

"Na mene ne, ɗiyata?"

"Shaida ce kawai, ta cewa mun zo."

Na roƙa aka ba ni takardar na duba. Shafi biyu ne da Faransanci. An rubuta cewa bincike ne, an faɗi abin da za a yi da jinin, can ƙasa kuma an ce shiga ba dole ba ne, wanda ya ƙi ba abin da zai same shi. Duk abin da ya kamata a faɗa yana nan a rubuce, kuma ko kalma ɗaya daga ciki ba ta fito daga bakin kowa ba.

Bayan sun wuce na tambayi matan gidan abin da aka yi. Ɗaya ta ce na shan inna ne. Ɗaya ta ce awon palu ne, za su dawo da magani. Gwaggo ta ce: "Su suka sani, ai su ne likita."

Ban ga mugunta a fuskar yaran nan biyu ba. An ba su adadin gidajen da za su gama kafin la'asar, rana na dukansu, ƙila kuɗin aikinsu ma bai fito ba. Laifin na wanda ya tsara aikin ne, da ya ware lokacin ɗibar jini bai ware lokacin magana ba. Takardar nan mai ɗauke da yatsan gwaggona za ta je ta kwanta a wani ofis a matsayin shaidar cewa ta fahimta ta yarda.

"Ba su yi lakwal ba, ba za su gane ba"

Wannan ita ce hujjar da na fi ji daga bakin ƴan boko, kuma ita ce mafi rauni.

Gaskiya ne waɗanda suka iya karatu a cikin manyan ƙasar nan ba su kai rabi ba, a mata na karkara kuwa abin ya fi haka muni. Amma rashin karatu dabam, rashin hankali dabam. Manomin da aka kawo wa sabon irin hatsi ba ya zuba shi a gona duka. Sai ya ware wani gefe ya shuka sabon, ya bar sauran da na gado, da kaka ya ƙirga dammuna ya kwatanta. Wanda ke yin haka kowace damina ba zai kasa gane cewa za a ba wasu yara sabon magani, wasu a ba su abin da ba magani a ciki, don a ga bambanci ba.

Ga abin da ake buƙatar faɗa, kuma ba ya cin minti biyar: "Inna, wannan bincike ne, ba rabon maganin da kika saba gani ba ne. Ba a tabbatar yana aiki ba, shi ya sa ake gwadawa. Ƙuri'a ce za ta nuna ko ɗanki zai samu maganin ko mai kama da shi, ni ma da nake ba shi ban san wanne ne ba. Zai iya sa shi amai ko zawo. In kin ƙi, ba wanda zai hana ki awo ko allura. In kin yarda yau, gobe kika canza ra'ayi, kina iya fita." Sannan a ce ta maimaita abin da ta ji da bakinta, a gaban shaidar da ba ɗan tawagar ba.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Tun bayan shari'ar likitocin Jamus a Nuremberg a 1947 aka sa yardar mutum da son ransa a matsayin sharaɗi na farko. Sanarwar Helsinki ta 1964, wadda ƙungiyar likitocin duniya ke sabuntawa lokaci zuwa lokaci, ta yi tanadi ga wanda ba zai iya rubutu ba: a karɓi yardarsa ta wata hanya, a rubuta, a kafa shaida. Ko'ina ba a ce in mutum bai iya karatu ba a tsallake shi ba.

Kuma yau salula na hannun kowane ɗan tawaga. Me zai hana a naɗi bayanin da Hausa, da Zabarmanci, da Tamajak, da Fulatanci, a kunna wa kowace uwa iri ɗaya? Tun watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin kunya ne a ce har yanzu takardar da ta shafi jinin ɗan mutum sai an nemo ɗan lakwal ya fassara.

Mai gari da mai gida

Nan ne maganar ta fi nauyi, don ba na cikin masu cewa a yi watsi da al'ada. Baƙon da ya shiga gari bai gaida mai gari ba bai da tarbiyya, kuma aikinsa ba zai yi nisa ba. Akwai ma binciken da garin duka ake sawa cikin ƙuri'a, ba mutum ɗaiɗai ba, wanda dole sai an zauna da mai gari da liman da shugabar mata tun farko. Izinin shiga gari nasu ne.

Sai dai izinin shiga gari ya ƙare a bakin ƙofar gida. Matsalar ita ce in ɗan aiken mai gari ne ya yi sallama, ba matar da za ta iya cewa ba ta so. Za a ce ta bijire wa sarauta. Don haka ya kamata ɗan aike ya nuna gida ya koma gefe, kuma mai gari da kansa ya faɗa a bainar jama'a cewa wadda ba ta so ba ta yi masa laifi ba.

Batun mai gida kuwa ya wuce bincike, ya shiga ɗakin haihuwa. Kowa ya san Adar ƙasar ƴan ci-rani ce. Da an gama girbi maza sun nufi Abijan, ko Libiya, ko wuraren haƙar zinariya. Na taɓa tsayawa a farfajiyar wata likitar haihuwa, wata ƴar uwarmu na naƙuda tun dare, unguwarzoma ta fito ta ce sai an yi mata aiki, a samo wanda zai sa hannu. Mijin yana Abijan, layi ba ya shiga. Ƙanen mijin ya ce shi ba zai ɗauki wannan nauyi ba, a jira yaya. Uwar mijin ta ce su a zamaninsu ba a yanka su ba. Ana ta kai da komo a waje, ita mai cikin tana kwance idonta biyu, hankalinta garau, ba wanda ya leƙa ya ce: "Ke me kika gani?" Allah ya sa an samu mijin, an yi aikin, ta tashi. Amma sa'o'in da aka ɓata na iya zama ajalinta.

Shawara da miji abu ne mai kyau, yawancin mata ma su ke nemanta da kansu. Wadda ta ce sai ta ji daga bakin mai gida, a ba ta lokaci in lokacin akwai shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da babbar mace mai hankali kamar kayan ajiya, a ce ba a taɓa su sai mai su ya dawo.

Wannan ɗabi'a ta yanke hukunci a bayan mai jiki ta game ko'ina. Tsoho ya kamu da ciwon daji, likita ya kira ƴaƴa gefe ya gaya musu, shi a ce masa "gyambon ciki ne, Baba, za ka samu sauƙi". A sayar da shanunsa a yi ta yawon asibiti har Yamai. Da an tambaye shi, ƙila ya zaɓi ya koma gida ya biya bashi, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar mutane. Akwai wanda ba ya son a gaya masa, wannan ma haƙƙinsa ne, amma shi zai faɗa.

Mutanen da suka saba karɓar ordonas, wato takardar sayen magani, ba tare da sun tambayi sunan ciwonsu ba, ba ranar da mai bincike ya zo za su koyi tambaya ba.

"Ai kyauta ake duba su"

Haka ne, kuma sau da yawa yaron da ke cikin bincike ya fi ɗan maƙwabta samun kulawa: ana auna shi, ana bibiyarsa, in ya yi zazzaɓi mota ta zo. Tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, amma wace uwa ce ba a taɓa miƙa wa takarda an ce magani ya ƙare, ta je farmasi ba? Wadda ba ta da jika biyu a bakin zane, aka ce mata ga inda za a kula da ɗanta ba ko dala, ba za ta tsaya sauraron illar magani ba. In baki ya ci, ido kan ji kunya.

Ba cewa nake a daina kula da su ba. Cewa nake talauci na ƙara wa mai bincike nauyi. Shi ya kamata ya ƙara jaddada illar, ya kuma tabbatar wadda ta ƙi ba ta ga canjin fuska wurin majo, wato babban ma'aikacin jinya, ba in ta kawo ɗanta gobe.

Masu cewa lokacin annoba ba a tsayawa dogon bayani, su tuna abin Kano a tsakiyar annoba ya faru. Uwar da ɗanta ke sanƙarewa a hannunta za ta dangwala yatsa a kan kowace takarda.

Kwamitin da ba a san shi ba

Muna da kwamitin ƙasa mai duba ɗa'ar binciken lafiya, CNERS, wanda masu bincike ke neman amincewarsa kafin su fara. Muna da cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai da masana a Jami'ar Abdou Moumouni. Ba daga sifili za a fara ba. Amma ka tsaya a kasuwar Tawa ka tambayi mutane ko sun taɓa jin sunan kwamitin nan, ka ga kallon da za su yi maka.

Kwamitin da ke kare mutane ya kamata mutanen su san ƙofarsa. A wallafa jerin binciken da aka amince da su, da garuruwan da za a yi, da wanda ya ba da kuɗi, a karanta a gidajen rediyon karkara. A sa lambar waya ta kyauta wadda uwa za ta kira in ɗanta ya kumbura bayan magani, a amsa mata da harshenta. A ba kwamitin kuɗin mai daga baitulmali, ya riƙa fita ba sanarwa, ya zauna da mata ya tambaye su abin da aka gaya musu. A faɗi inda ake kai jinin da aka ɗiba da ranar da za a zubar da shi. A kuma sa wa kwamitin mutanen da ba likitoci ba: malami, ungozomar ƙauye, uwa.

Akwai bashi ɗaya kuma da ake yawan mantawa, wato dawowa da sakamako. Misali na kusa shi ne azithromycin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wani babban bincike mai suna MORDOR da aka yi a Malawi da Tanzaniya da Nijar, wanda ya fito a 2018, ya nuna cewa ba yara ƴan ƙasa da shekara biyar wannan magani sau biyu a shekara ya rage mutuwarsu, kuma a Nijar, a yankunan Boboye da Loga na jihar Doso, raguwar ta kai kashi 18 cikin 100. (Maganin da aka yi aikin da shi Pfizer ce ta ba da, kamfanin nan dai na Kano. Shi ya sa nake cewa a duba yadda aka yi aiki, sunan kamfani kaɗai ba ya wanke shi, ba ya kuma kama shi.) Sai dai an ga ƙwayoyin cuta masu bijire wa maganin sun ƙaru a garuruwan da aka raba shi. Saboda wannan fargaba, a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita shawararta ga jarirai ƴan wata 1 zuwa 11. Daga baya aka yi wani binciken, AVENIR, a jihohin Doso da Tawa, sakamakonsa ya fito a 2024: in aka ba duk yara har ƴan wata 59, mutuwa na raguwa da kashi 14 cikin 100, in jarirai kaɗai aka ba, raguwar ba ta fito fili ba.

Ga tambaya mai nauyi ke nan: a ceci yara yau da maganin da yawan raba shi ke iya dushe kaifinsa gobe, ko a riƙe hannu? Ni na karkata ga a raba, a kuma sa ido sosai kan bijirewar, don yaron da ya mutu bana ba zai amfana da maganin baɗi ba. Wani mai hankali zai iya saɓa mini. Amma ana tafka wannan muhawara da Ingilishi a mujallun Amurka da zaurukan Janeba, alhali alƙaluman daga jikin ƴaƴan Doso da Tawa aka samo su. Iyayensu ne ya kamata su ji, a dandalin gari da rediyo, da amfanin da illar duka, kuma a saurari abin da za su ce kafin mota ta sake tsayawa ƙofar mai gari.